Asubar da Karfasar Umma Ta Taso Sama

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami. Da na yi niyyar in yi magana a kan tsadar abincin kifi, tunda shi ne kukan kowa yanzu, amma sai na ga gara in ba ku labarin wata asara da na jawo da hannuna, wadda har gobe in na tuna ta sai kunya ta kama ni. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

A Palladan aka haife ni, a bayan titin da ya taso daga Kwangila ya nufi Samaru. Muna yara aikinmu ke nan ɗaga kai muna kallon ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kanmu. Na karanta injiniyancin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun ina aji biyu 'yan unguwa suka laƙaba mini Injiniya. Bayan bautar ƙasa na zaga da takardu har takalmi ya cinye, shiru. Da zama ya ishe ni sai na gina ƙaramin tankin siminti a bayan gida na zuba tarwaɗa. Na fitar sau biyu, na samu alheri. Daga nan kai ya fara girma.

Masu gasa kifi da yamma a Samaru da Sabon Gari suna yawan tambayata karfasa. Na zauna na yi lissafi a takarda, riba ta fito kyakkyawa, sai dai babu jari. A lokacin Umma ta kwashi adashinta, kuɗin da ta shekara biyu tana zubawa don kayan ɗakin ƙanwata, wadda aka sa bikinta bayan babbar Sallah. Na same ta bayan sallar isha'i na shimfiɗa mata lissafin. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika haɗa ido da ni ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "Kai ka yi karatun. In ka ce zai dawo kafin biki, ɗauki." Ta jawo jakar daga ƙarƙashin katifa ta ba ni, ko ƙirgawa ba ta yi ba.

Na gina sabon tanki, tsawo mita 4, faɗi mita 3, zurfin ruwa mita 1. Na zuba 'ya'yan karfasa 600. Na san karfasa ba ta da juriyar tarwaɗa, don haka na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi injin hura iska, na haɗa shi da sola da batir don ko an ɗauke wuta kada ya tsaya. Mai shagon ya ce in haɗa da duwatsun iska, waɗannan ƙananan abubuwa masu kama da dutsen goge kaushi da ake maƙalawa a bakin tiyo. Na duba kuɗinsu, na ce masa ba sai da su ba. Iska dai iska ce. Na dawo gida na ɗaura wa tiyon bulo na jefa shi tsakiyar tankin, bakinsa a buɗe.

Wallahi abin gwanin kallo. Tsakiyar ruwan na tafarfasa kamar tukunyar biki, ƙara tana tashi har zaure. Maƙwabta na shigowa kallo, suna cewa lallai karatu ya yi rana. Ni kuma ina tsaye ina murmushi.

Wata huɗu komai lafiya, don kifin na ƙanana kuma lokacin sanyi ne. Sai bazara ta shigo. Kun san zafin Afrilu a Zariya, wanda ko dare ba ya saukowa. Kifi ya yi girma, ruwa ya yi kore shar da gansakuka, na kuma yi ciniki da wani mai gashi zai zo ɗauka nan da kwana goma. Don in ƙara musu nauyi sai na riƙa cika musu abinci da yamma.

Ranar wata Talata, kafin kiran asalatu, ƙanena ya buga mini ƙofa. "Yaya, fito ka ga kifin nan." Na fito da fitilar waya. Duk fuskar ruwan bakuna ne, suna buɗewa suna rufewa. A kusurwoyi huɗun nan kuwa fararen cikkuna ne birjik, sun juya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, injin yana aiki. Tsakiyar tankin na tafarfasa kamar kullum. A tankin da ke gefe tarwaɗa na harkarta, ko a jikinta.

Muka kama ɗebo ruwa da bokiti muna watsawa sama yana dawowa, muka tayar da injin rijiya muka sako sabon ruwa. Kafin rana ta fito mun tsame matattu fiye da rabi, kuma manyan ne suka fara tafiya. Masu banda suka zo suka saya a wulaƙance, ba ni da bakin ciniki.

Umma ta fito da carbinta ta tsaya a bakin tankin. Ta yi salati, ta ce Allah Ya mayar da alheri. Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallon inda ruwan ke tafarfasa, sannan ta ce, "Ba ka ce injin nan iska yake ba su ba?" Na ce, "E, Umma." Ta ce, "To ina iskar take tafiya?"

Ta juya ta koma ɗaki. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, domin amsar wannan tambayar ita ce aikin binciken da na yi a shekarata ta ƙarshe a jami'a. Na rubuta ta a shafi kusan 70, na tsaya gaban malamai na kare ta, aka ba ni maki mai kyau, na ɗaure takardun na jefa a akwati.

Da daddare na buɗe akwatin. Bari in gaya muku abin da ke ciki da Hausar da kowa zai gane, don ya shafi duk mai kiwon kifi a cikinmu.

A masana'antu da yawa ana buƙatar iska ta shiga cikin ruwa don wani aiki ya gudana. Tukunyar da ake yin haka ita muke kira riyakta. Mafi sauƙinta dogon bututu ne a tsaye, cike da ruwa, a gindinsa akwai faranti mai ƙananan ƙofofi kamar na rariya, ana turo iska ta nan tana tasowa ƙwaya-ƙwaya. Irinsa na yi aiki a kai, na roba mai garai-garai, ana ganin komai. Wata uku ina zaune a gabansa ina ƙara iska ina ragewa, ina auna tashin ruwan.

Abu na farko, ruwa marowaci ne wajen karɓar oksijin, wato sashen iskar da rai ke buƙata. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Lita ɗaya ta iska a zafin bazara tana ɗauke da miligiram kusan 250 na oksijin. Lita ɗaya ta ruwa kuwa, ko ka kwana kana hura mata, a zafin digiri 30 ba za ta riƙe fiye da miligiram 7 da rabi ba, kuma a bakin teku ke nan. Mu Zariya muna kan tudu, sama da mita 600, nauyin iska ya ragu, don haka namu ruwan kusan miligiram 7 yake tsayawa. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry, shi ya bayyana wannan ƙa'ida a 1803: gwargwadon yadda iska ta danne ruwa, gwargwadon abin da zai narke a cikinsa. Zafi kuma yana rage shi. Kowa ya taɓa gani a lemun kwalba: mai sanyi in ka buɗe iskarsa na zaune, wanda ya sha rana kuwa sai ya yi maka ambaliya a hannu.

Tankina lita 12,000 ne. In ka ninka da miligiram 7, duk oksijin da ke cikinsa, a ranar da ya cika ya batse, giram 84 ne. Bai kai nauyin ƙwan kaza biyu ba. Wannan shi ne duk ajiyar kifi 600, kuma cikin awanni kaɗan suke shanye shi in ba a mayar musu ba.

Abu na biyu shi ne ƙofar da oksijin ke bi. Daga iska, ba ya shiga ruwa sai ta inda iska da ruwa suka haɗu, kamar fatar ƙwayar iska. A nan ma akwai wani siririn labulen ruwa da ke manne da ƙwayar, wanda sai oksijin ya ratsa shi a hankali, domin tafiyarsa a cikin ruwa ta fi tafiyarsa a cikin iska nawa da kusan sau 10,000. Wasu malamai biyu a Amurka, Lewis da Whitman, su suka shimfiɗa wannan bayani a 1924, kuma har yau shi ake koyarwa. Ma'anarsa, yawan fatar da ka samar shi ne yawan ƙofofin da ka buɗe.

Ga lissafin da ya kashe mini kifi. Ɗauki lita ɗaya ta iska. In ka fasa ta zuwa manyan ƙwayoyi masu faɗin santimita 2, irin waɗanda ke fitowa daga buɗaɗɗen tiyo, duk fatarsu in an haɗa ba ta kai sulusin murabba'in mita ɗaya ba. Wannan litar dai, in ta bi ta dutsen iska ta fito ƙwayoyi masu faɗin milimita 2, fatarsu murabba'in mita 3 ce. Iska ɗaya, wuta ɗaya, amma ƙofa ta ninka sau 10. Ga shi ruwan nawa mita ɗaya ne kacal, babbar ƙwaya cikin daƙiƙa uku ko huɗu ta kai sama ta fashe. Kusan duk oksijin da injina ya turo, haka ya koma sararin Palladan bai taɓa kowa ba. Amsar Umma ke nan.

A bututun jami'a na ga wani abu da ido wanda ya kamata ya zame mini gargaɗi. In iska na shigowa a hankali, ƙwayoyin ƙanana ne, kusan girmansu ɗaya, suna tashi a jere cikin natsuwa. In ka ci gaba da buɗe mata, akwai inda za a kai su fara karo suna haɗewa, su zama manyan ƙunduma masu rugawa sama ta tsakiya, ruwan ya hargitse yana tumbatsa. Wanda bai sani ba zai ce yanzu ne aiki ya kankama. Alhali daga nan ƙarin iskar da kake yi ba ya biyan kuɗin wutarsa. Tafarfasar da maƙwabta ke yaba mini, irin wannan ce.

Abu na uku shi ne gauraya. Ko oksijin ya shiga ruwa, sai an kai shi inda mai buƙata yake. Bayan mun kwashe ragowar kifin mun mayar da su wani wuri, na cika tankin da ruwa mai tsabta, na kunna injin yadda yake, na roƙi Umma ta dafa mini zoɓo mai kauri cikin babbar tukunya. A makaranta da rini ko gishiri muke wannan gwaji. Na juye zoɓon a tsakiya na riƙe agogo. Nan da nan jan ya taso sama, ya bazu kaɗan, ya nutse, ya koma gindin tiyon, ya sake tasowa. Zagaye yake yi a wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Minti goma suka wuce kusurwoyin nan huɗu na nan fari tas. Su muke kira matattun wurare, inda ruwa ke kwance ba ya musanya da sauran. Daidai inda na tsinci fararen cikkuna.

Umma na tsaye tana kallo. Ta ce, "Ai ko miyar kuka ce ka tsaya kana juya ta gefe ɗaya, gudaji za ta yi." Ta shiga kicin ta ɗauko maburgi ta nuna mini yadda take murza shi a tsakanin tafukanta, gaba da baya, tana yawo da shi cikin tukunya. Na yi dariyar da ban yi ba tun ranar Talata. A manyan riyaktoci masu farfela, in ka bar farfelar na juyawa gefe ɗaya cikin zagayayyiyar tukunya, ruwan gaba ɗaya sai ya bi ta yana zagaye, rami ya buɗe a tsakiya, amma sama da ƙasa ba su haɗu ba. Shi ya sa ake kafa dogayen faifan ƙarfe, galibi huɗu, a jikin bangon tukunyar don su karya zagayen. Abin da injiniyoyi ke yi da ƙarfe, shi Umma ke yi da sauya hannu.

Sauran abin da ya haɗu ya zama ajali a daren nan, duk sananne ne. Gansakuka da rana tana ba ruwa oksijin, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, don haka ruwan kore ya fi talaucewa gab da asuba. Kifin da ya ƙoshi ya fi mai yunwa jan oksijin. Ragowar abinci da kashin da suka kwanta a ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su su ma ja suke yi. Zafi ya rage abin da ruwa ke riƙewa, ya kuma ƙara wa kifin buƙata. Tarwaɗa ta tsira ne don Allah Ya yi mata wata halitta a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari kai tsaye, shi ya sa kuke ganinta tana leƙowa tana komawa. Karfasa ba ta da wannan gatan. Nasarar da na samu da tarwaɗa sau biyu ita ta rufe mini ido, na ɗauka gwaninta ce.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar matsala ce ta masu tankin bayan gida. Maganin penisilin da Alexander Fleming ya gano a 1928 ya daɗe ba ya wadatuwa, saboda naman gwarin da ke samar da shi yana buƙatar iska, kuma a saman ruwa kawai ake iya renonsa cikin kwalabe da faranta. Sai da aka gano yadda za a hura iska mai tsabta cikin manyan tankuna masu zurfi ana motsawa, sannan ya isa ga jama'a; kamfanin Pfizer ya buɗe irin wannan masana'anta a Brooklyn ta Amurka a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Haka tsarin tace ƙazamin ruwan birane ta hanyar hura masa iska, wanda Ardern da Lockett suka fito da shi a Manchester a 1914. A irin waɗannan wurare hura iskar kaɗai kan cinye kusan rabin wutar da ake sha, ko fiye. Ko'ina tambayar ɗaya ce: wane girman ƙwaya, tsawon wane lokaci za ta yi a ruwa, kuma ina da ina ruwan ke kaiwa. Mu nan ga jami'a a Samaru, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa a Basawa, duk a maƙwabtanmu. Ilimin na nan kusa. Ni da na ɗebo shi ma a akwati na kulle.

Gyaran da na yi bai ci kuɗi ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Na koma wurin mai shagon nan na sayi duwatsun iska guda takwas. Bai ce mini komai ba, ya dai ƙirga ya ba ni. Na raba tiyon gida takwas, na shimfiɗa su a ƙasan tankin, kowace kusurwa da nata. Na sa magini ya cike kusurwoyin da siminti suka zama masu lanƙwasa. Na karkata bututun shigowar ruwa yadda zai riƙa tura ruwan yana kewaya tankin a hankali, ƙazanta na taruwa wajen magudana. Na sake gwajin zoɓo, kafin minti uku duk tankin ya zama ja bai ɗaya. Fuskar ruwan kuwa ba hayaniya, sai ɗan tsiyayin ƙwayoyi kamar na lemun kwalba. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce, "Injiniya, injin naka ya mutu ne?"

Duwatsun suna da nasu wahalar. Suna toshewa da gansakuka, sai an ciro an goge duk mako, kuma suna sa injin ya ƙara nishi, don haka a tabbata yana da ƙarfin tura iska zuwa zurfin ruwan. Na kuma rage yawan kifin zuwa 350, na mayar da babban ciyarwa da safe, ina rage koren ruwa in ya yi yawa. A bazara nakan tashi ƙarfe huɗu na dare in haska tankin. In na ga bakuna a sama, ba na jiran gari ya waye.

Bikin ƙanwata bai jira kifina ba. An yi shi a ranar da aka sa. Umma ta sayar da tumakinta biyu, kawunmu ya cika, aka kai ta ɗakinta da gado da katifa amma babu kujeru. 'Yan uwan miji suka shigo ganin ɗaki suka zauna a kan tabarma. Ina tsakar gida ina jin wata tana tambaya ko kujerun na hanya ne. Ƙanwata ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Sai bayan wata tara na biya Umma kuɗinta, a fitarwa biyu, ranar da na cika kuma na ɗauki hayar a-kori-kura na kai kujerun da kaina. Ƙanwata ta fito ta gan su, ta ce, "Yaya, ai da ka bari, mun saba da tabarmar."

Na san a cikinmu akwai masu shirin zuba karfasa bana, akwai kuma masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, waɗanda 'ya'yanta a kwanakin farko su ma da oksijin na ruwa kaɗai suke rayuwa. Kafin ka zuba ko ɗaya, cika tankinka, kunna injinka, ka juye tukunyar zoɓo ka riƙe agogo. Inda ja bai kai ba, iska ma ba za ta kai ba. Wanda ya gwada ya ɗauki hoto ya turo mana mu gani, in akwai gyara mu taya shi.

Takardun binciken nan yanzu suna kan taga a ɗakina, gefensu duk ya yi dabbaren zoɓo. Umma kuwa har yau in ta zo wucewa ta bakin tankin takan tsaya ta leƙa kusurwoyi tukuna.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya saka wa iyayenmu da alheri. Sai na ji daga gare ku.